Kwalba Biyu

A bakin Taminus na saye ta,
ranar Laraba, bayan la'asar,
wajen mai mota da lasifika a ka,
yana rantsuwa da kabarin ubansa
cewa jiƙon nan yana wanke zaƙi,
mace ta haihu kamar ta yi atishawa.
Dubu biyu ya ce. Na taya dubu, ya sallama.
Na koma Dogon Dutse ina jin na cika miji.

Kwalbar lemo ce aka ɗauraye,
aka toshe bakin da guntuwar leda.
Ba suna, ba takarda, ba ranar lalacewa.
Ruwan ciki launin kududdufin kuza,
irin wanda aka hana mu shiga muna yara
don ba wanda ya san zurfinsa.

Hansatu ta sansana, ta kau da kai.
Ta ce a wurin awo an gargaɗe su
kan shan abin da ba su san asalinsa ba.
Na ce, kakata ta haifi goma sha ɗaya
ba ta san hanyar asibiti ba.
Ban ce mata nawa suka rayu ba.
Ni ma sai jiya na ƙirga da yatsu,
hannu ɗaya ya ishe ni.

Ta sha don ni.
Cokali nawa? Mai mota ya ce daidai misali.
Safe da yamma, kwana uku,
tana runtse ido, tana bi da ɓawon lemo.

Dare na huɗu, ciki wata bakwai,
ta damƙe wuyan rigata ba ta ce uffan ba.
Na haska fitilar waya,
zanin gado ya canza launi.
Kekena ya ƙi tashi, sanyi ya kama shi,
Bitrus maƙwabci ya fito ba takalmi,
muka shimfiɗe ta a motar dankalinsa
a kan buhunan da ba kowa a ciki.

Sista Kaneng ta tare ni a baranda.
Me ta sha?
Na zaro kwalbar daga aljihu.
Me ke ciki?
Ni da nake sanin ciwon inji daga ƙararsa,
ni da ba na zuba mai sai na duba launinsa,
na tsaya ina kallon farcen ƙafata.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta ɗaga kwalbar saitin ƙwan lantarki,
ta ce, Malam, ba a raina saiwa ba,
ƙarfinta ne abin tsoro.
Wata tana murɗa mahaifa kafin lokaci,
wata ta tsinka jini, wata ta taɓa ƙoda,
kuma duk abin da uwa ta haɗiya
cibiya ce hanyarsa.
Da kun kawo mun gani tun ranar farko.
Tambaya ba ta cin kuɗi.

Leda biyu na jini aka ƙara mata,
ɗaya daga hannun Bitrus.

Yanzu ɗana yana cikin kwalba ta biyu,
wadda ake ɗumama bakwaini,
tsawonsa bai kai takalmina ba.
Ƙirjinsa na hawa da sauka
kamar na tsuntsun da ruwa ya daka.
Sun ce a yi addu'a, a yi haƙuri, a sayo madara kaza.
Sati guda ya wuce ba a yanka rago ba,
na dai raɗa masa suna ta bayan gilashi.

Na koma Taminus ran Litinin.
Motar ba ta nan, wata ce a gurbinta,
lasifika sabuwa, rantsuwa tsohuwa,
wata mai ciki tana kwance bakin zani.
Na matsa kusa, bakina ya yi nauyi,
na ce, baiwar Allah, tsaya tukuna,
tambaye shi me ke ciki.

Hansatu ba ta zarge ni ba har yau.
Jiya dai da na miƙa mata shayi
ta daɗe tana duban kofin
kafin ta kai shi baki.