Awo Biyu-Biyu

A gindin tsamiyar gidanmu a Kaugama, bayan la'asar,
na baje kwalin taliya da na zana wa duniya:
kogi da shuɗin biro, fadama da kore,
ɗan ludo guda, 'ya'yan tsamiya kuɗin sihiri.

Ilu ya zaɓi Maharbi, Cindo ya zaɓi Maƙeri,
Dela autarmu ta ce Tsohuwa za ta zama.
Muka kwashe da dariya.

Sati uku na yi ina awo.
Baduhu: ka ɓace zagaye biyu, amma ba ka sara.
Sagau: hannun abokin karawa ya ƙage,
ka biya ƙwaya huɗu, ko da ita ce ta ƙarshe.
Kau-da-bara yana kautar da kibiya,
sai dai kibiyar ba ta faɗuwa banza,
na kusa da kai take samu.
Kowane kati na ɗora a sikeli shi kaɗai
yadda Baba ke yi wa buhun riɗi.
Ya tsaya cak. Na yi barcina.

Ban auna su biyu-biyu ba.

Dela ta sa Baduhu, ta ratsa daji ba a gani,
ta bayyana a gefen Dodon Fadama,
wanda na tanada don ranar ƙarshe,
wanda doka ta ce ba a auna shi da baka.
Ta kifa Kau-da-bara a kan tabarma.
"Yaya Ilu, harbe ni."

Kibiya uku. Dodo ya faɗi tun ba a sha fura ba.
"Ai ba shi aka auna ba," in ji ta,
tana tsotsar rake.

Cindo ya ce a tsawwala wa Baduhu kuɗi.
In na tsawwala, Maharbi ya talauce,
in na agaji Maharbi, Maƙeri ya zama ɗan kallo.
Gajeren mayafi ke nan:
ka rufe kai, ƙafa ta sha sanyi.

Da dare na kunna tocila, biro a baki.
Ban soke katin kowa ba.
Dodo na ƙara wa kunne,
yanzu yana jin takun wanda bai gani ba
in ludo ya ba da biyar ko shida.

Da safe na tarar da ita a zaure,
Sagau a hagu, wani kati a dama,
tana ƙirga ƙwaya a bakin zane,
ba ta ko ɗago kai ba.