Babu Abin Da Ya Faru

Ƙarfe biyun dare a ɗakin allo,
bazarar Sakkwato ta ƙi kwanciya.
Daga ni sai butar shayi,
sai kujerar da Malam Cika ya bar mini,
ƙafarta guda ɗaure da wayar tagulla.

Layin da ya taso daga yamma ya yi ja.
Duk fankar da ke Mabera tana neman rabonta,
masu ƙanƙara a Gawon Nama sun tayar da firji,
can asibiti wani bakwaini a kwalba
yana numfashi da abin da muka aika masa.
Waya ta ɗau zafi, ta fara ranƙwafawa
kamar igiyar shanya da aka cika wa zannuwa.

Ban kai ga ajiye kofi ba, na'urar ta ji.
Ba ta nemi shawarata ba.
Ta sauke wa wannan layi kaya, ta aza wa wancan,
yadda manomin albasa a Kwalkwalawa
ke toshe bakin kwami da curin laka
don ruwa ya juya inda ake ƙishi.
Ja ya koma kore.
Ba wanda ya ko juya a shimfiɗarsa.

Shekara talatin da ɗaya Malam Cika na wannan rabo
da tarho biyu da kunnensa.
Daga gurnanin taransifoma yake gane gajiyarta.
"Luba," in ji shi, "wutag ga ba ta da kunya,
inda sauƙi, nan taka bi,
sai an tsare mata hanya."
Wani dare ya makara da minti biyu,
gari ya mutu har hantsi.
Har ya yi ritaya bai daina ƙirga mintocin nan ba.

Ran Laraba ya leƙo da sandarsa,
ya daɗe tsaye gaban akwatin ƙarfen
da ba ya gyangyaɗi, ba ya fita alwala.
Ya ce, "To, in ta ɓata fa, wa aka kira?"
Na ce ni.
Ya yi dariya, ya ce ashe kujerar na da sauran aiki.

Shayi ya huce.
Na jawo littafin aiki, na duba agogo,
na rubuta: biyu da kwata,
babu abin da ya faru.