Fom Talatin da Bakwai

Saƙon ya same ni a Sinja da yamma,
ya kwana biyu a hanya kamar alfadarin gishiri:
a sabunta manhaja kafin a tura komai,
kwaɗon tsohuwar ya soma sakin jiki.
Nirajan ne ya rubuto daga Kathmandu.
Ban san fuskarsa ba.
Na dai san mabuɗin yana hannunsa.

Sai na kama hawa.
A kwarinmu sabis tsuntsu ne mai reshe guda,
wani dutse can bayan gonar tuffar Hajari Budha,
inda mutum zai dogare ƙafa a kan ƙanƙara
ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Kashi goma sha biyu.
Kashi goma sha uku.
Yatsuna sun daina amsa kirana.

Fom talatin da bakwai ke kwance a cikinta,
gida talatin da bakwai,
hayaƙin murhunsu bai bar mayafina ba.
Na ashirin da ɗaya na Junkali ne.
Mijinta na dakon kaya a Shimla tun kafin girbi.
Na karanta mata tambaya ta goma sha tara:
ciki nawa, kuma nawa ke raye?
Ta dubi ƙofa. Ta tura icce cikin wuta.
Sannan ta faɗi lambar da surukarta ba ta sani ba.
Ta ce, wa zai karanta?
Na danna kammalawa a gabanta,
ɗan kwaɗon ya rufe, bai kai ƙwayar wake ba.
Na ce, ko ni yanzu sai dai in kalle shi.

Washegari wan mijinta ya tare ni a gada,
magatakardan unguwa, mai biro uku a aljihu.
Ya ce a nuna masa abin da matar gidansu ta ce.
Na miƙa masa wayar da hannu biyu.
Ya latsa, ya murza, ya juya ta ƙasa,
ya samu haruffa a hargitse
kamar gero da yashi a ƙwarya ɗaya.
Ya ce wayata ta lalace.
Na ce, ƙila.

Kashi sittin da ɗaya, ta tsaya cak.
Gajimare ya haɗiye tsaunin gabas.
Batir ya koma ja.
Na cusa ta cikin riga, kan fatar cikina,
ina ɗumama ta kamar ɗan akuyar da aka haifa da dare.
In ta mutu a tsakiyar sauya riga fa?
Wa zai sake hawa gida talatin da bakwai
ya ce, ku maimaita mini abin da ya fi muku ciwo?

Ban san tsawon lokacin ba.
Karen Hajari ya yi haushi ya gaji.

Allon ya yi baƙi, ya yi fari, ya dawo.
Na ƙirga da leɓe.
Talatin da bakwai, kowanne da kwaɗonsa.
Na tura. Suka tafi ɗaya bayan ɗaya,
kamar tumaki a siririyar gada.

Sai da na sauko na ga abin da aka ƙara:
wani fili a ƙasan tambaya ta goma sha tara,
an rubuta, ƙarin bayani in akwai.
A ranar Junkali babu wannan filin.
Lamba kawai fom ya karɓa,
ita kuwa ta gaya mini har da suna.
Yarinya ce, ta kwana huɗu.

Sunan bai tafi Kathmandu ba.
Yana nan inda ta ajiye shi,
babu manhajar da za ta sabunta ni,
babu mabuɗi a hannun kowa.
Ciki dai ba don jar shinkafa kaɗai aka yi shi ba.