Masaƙar da Ba a Rufe Ba

Daren da aka ɗauke wuta a Kakuri
muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
ni da tarina, da autata Safara'u
mai karatun kimiyya a jami'a.
Janareton maƙwabta ya yi nasa tarin, ya mutu.
Sai sama ta sauko kusa, kamar a miƙa hannu a taɓa.

Ta ɗaga yatsa. Baba, ka ga farin ƙyallen can
da ya taso ta Makera ya haye kogi?
Ka ga inda ya yage, baƙi ƙirin a tsakiya?
Na ce na gani, kango ne, ba kowa.
Ta yi dariya, ta ce ba yagewa ba ce,
iska ce da ƙura suka tare hasken da ke baya.
Ƙwayarta ba ta fi ta hayaƙin aci-bal-bal ba,
tsakanin ƙwaya da ƙwaya sai ka yi kira ba a ji ba,
amma da yake filin ya wuce lissafi
sai ta taru ta zama katanga.

Na yi shiru. Ai na san wannan ƙurar.

Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin kaɗi.
In hantsi ya leƙo ta tagar rufi
sai ka ga auduga tana iyo cikin hasken,
ba ta sauka ba, ba ta tashi ba,
can ta kwanta mana a gira, a gemu, a kofin shayi.
Mu share, ta dawo.
Kantiyok, mai injin da ke gefen nawa,
yakan kakkaɓe kansa ya ce,
kullum sai mun yi furfura kafin a tashi aiki.
Shi ya riga ni tafiya. Ƙirji ne.

Ta ce, Baba, ba a nan labarin ya tsaya ba.
In gajimaren ya yi sanyi, ya yi nauyi,
sai ya fara jan kansa, yana juyi kamar mazari,
yana dunƙulewa, shekara dubu sau dubu,
har cikinsa ya ɗau zafi, ya kama da wuta.
Tauraro ke nan.
In ya tsufa kuma ya watsar da tokarsa,
ta koma fili tana jiran wani kaɗin.
Ƙarfen da ke cikin jininka ma, daga can ya biyo.

Tun muna yara aka ce mana daga turɓaya muke.
Ban taɓa sanin turɓayar
ta sha irin wannan doguwar tafiya ba.

Na ce, ashe can ba a rufe masaƙar ba.
Ba a liƙa takarda a bakin ƙofa ba,
ba wanda ya tsufa a layi yana jiran haƙƙinsa.
Tamu kuwa ciyawa ta huda siminti,
jemagu ne ke karɓar aikin dare.

Tarin ya taso. Ta kawo ruwa a moɗa,
ta riƙe min kafaɗa har ya lafa.

Sai ihun yara daga layin baya: an kawo wuta!
Ƙwan ƙofa ya kama, sama ta ja da baya,
farin ƙyallen ya ɓace, da baƙin da ke cikinsa.
Ta fara naɗe tabarma.
Na ga silin zare maƙale a bakin mayafinta,
na cire shi, na ɗora a tafin hannu,
na hura da ɗan numfashin da ya rage min.
Ya bi ta gefen ƙwan, ya haska sau ɗaya,
ban ga inda ya sauka ba.