Kufan Gulmasa

Tafiyar rabin yini ce daga Kusuri,
in laka ta yarda.
Mai babur ya sauke ni a gindin tsamiya,
ya ce, "Nan ne. Amma fa ba kowa."
Na san ba kowa.
Abin da na zo gani ke nan.

Tudu ne kawai a tsakiyar firki,
kamar raƙumin da ya durƙusa ya manta tashi.
Na hau. Ƙarƙashin takalmina
katanga na ƙaras-ƙaras:
bakin tulu, kunnen tukunya,
wani da zanen igiya a wuyansa,
wani da shaidar babban yatsa.
Na ɗora nawa a kai. Ya yi mini kaɗan.
Mace ce, ko yarinya mai koyo.

Kakata Lantana ta ce a nan aka yanke cibiyar uwarta,
a unguwar fatake, bayan marina.
Ga marinar: ramuka tara,
bakwai sun cike, biyu na riƙe da ruwan sama,
kwaɗi sun gaji baba.

Adum, mai kiwon shanu, ya iso da sandarsa a kafaɗa.
Ya ce Lagone ne ya yi fushi
ya ɗauke gadonsa ya koma gabas,
ya bar kwale-kwale a kan busasshiyar ƙasa.
Kakata kuwa cewa ta yi annoba ce,
shekarar da aka rasa masu haƙa kabari.
Malaminmu na tarihi ya ce haraji.
Wani ya ce mai garke ne ya sayi fadamar,
shanu suka cinye gari
ba tare da sun ciji kowa ba.

Ni dai na ga dutsen niƙa a kife.
Wanda ya gudu ba ya tsayawa kife dutse.
Wadda ta kife shi ta yi niyyar dawowa.

Rijiya ta rufe ido,
amma itacen bakinta na nan,
igiya ta ci shi gurbi-gurbi.
Na ƙirga sha huɗu, na bari.
Guga nawa ke yin gurbi ɗaya?

Sai da rana ta yi ƙasa
sannan garin ya fito.
Inuwa ta zana abin da tsakar rana ta ɓoye:
nan zaure, nan rumbu, nan lungu ya karya kwana,
can kunyoyin masakwa a jere har bakin ƙaya,
shekara ɗari ba garma,
ƙasa ba ta mance umarni ba.
Ga wani fili mai fuskantar alƙibla,
ciyawarsa ta tsaya sahu-sahu.

Na yi sallama a inda nake zaton ƙofarmu ce.
Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Na ɗauki katanga ɗaya, na sa a aljihu,
na kai gindin tsamiya, na dawo na ajiye ta.
Gida ya ragu da yawa, ba sai na ƙara ba.

Mai babur yana ta danna ƙaho.
A hanya ya tambaye ni, "Ka samu mutanenka?"
Na ce, sun ɗan fita.