Na Biyu Ya Fi

Mu dai ba mu taɓa sanin sunansa na gaskiya ba.
Mai Lauje muke ce masa,
haka Tasi'u ya rubuta a bayan kaset da jan biro,
a gidan kallonsa na lungun Fagge, daura da masu gyaran rediyo,
inda benci naira biyu, tsayuwa naira ɗaya,
leƙe ta taga kuwa ladansa ranƙwashi.

Kashi bakwai aka yi. Duk na kalla.

Na ɗaya a ba shi girmansa, shi ya share fage,
amma kaset ɗin ya sha hannu har hoto na rawa,
sai ka ji ihu, ba ka ga wanda aka sara ba.

Na biyu fa,
a nan nake tsaye ko a gaban alƙali.
Yarinyar nan mai guntun gashi ta shige ƙarƙashin gado,
ta toshe bakinta da hannu biyu.
Takalminsa ya zo, ya tsaya.
Bai sunkuya ba. Tsayuwar kawai.
Daidai nan aka ɗauke wuta.
Mu arba'in a ɗaki, ko tari babu,
sai fanka tana mutuwa a hankali,
sai Jazuli da ya damƙe mini gefen riga
yana karanto abin da ya sawwaƙa a ƙasan maƙoshi.
Minti goma kafin janareta ta tashi.
Minti goma muna ƙarƙashin gadon nan tare da ita.

Jazuli ya ce na huɗu ya fi.
Ɗan mahauta ne, a Abbatuwa ya yi wayo,
ya ce a na huɗu kaɗai suka dace da launin jini,
sauran duk zoɓo aka kwarara.
Na ce masa tsoro ba a jini yake ba,
a jira yake.
Ya ce ni tela ne, me na sani ban da tsinin allura?
Shekara ashirin muna wannan musu,
a teburin mai shayi, a layin shan mai,
ranar ɗaurin aurensa ma sai da muka taɓa,
har liman ya waiwayo.

Na uku ba a zancensa.
A na biyar suka yaye masa fuska,
ashe mutum ne, da hanci, da kunne, har da giɓi,
Tasi'u ya ce wallahi ya yi kama da mai gidan hayarsu.
Na shida an ƙone shi, an binne, ya sake tasowa,
muna cin gyaɗa muna dariya,
wani ya ce wannan ba mutum ba ne, bashi ne.

Na bakwai a waya na kalla,
cikin adaidaita sahu, a cunkoson Ƙofar Nasarawa,
rana tsaka, da abin ji a kunne ɗaya.
Ban ji komai ba.
Babu wanda zai riƙe mini riga.

Shi wanda ya zo wa Jazuli bai sa abin rufe fuska ba,
ba a yi kiɗan gargaɗi ba,
zazzaɓin kwana uku ne, da asubar Laraba.
Gidan kallon yanzu cajin waya ake yi,
Tasi'u ya koma sayar da taya.

Jiya na je Abbatuwa sayen kayan ciki.
Ɗansa Nafi'u ne a kan teburin, da wuƙar uban a hannu.
Na tsaya ina duban kwata,
yadda jan yake duhu, yake kauri, yake tafiya ba gaggawa.

To, Jazuli, a launi ka yi gaskiya.
Amma na biyu ya fi.
Na faɗa.
Tashi ka musa mini.