Zabirar Arzika

Shekara talatin da ɗoriya
kaina bai san hannu ba sai na Arzika,
a gindin darbejiyar bayan tashar Jega
inda masu albasa ke sauke buhu.
Ruwa a ƙoƙo, ɗan gutsuren sabulun salo,
ya murza ƙeya har gashi ya sallama,
ya goga aska a fata sau uku,
ya ce, "Duƙa, malam, kak ka motsa."
Ina motsi? Gyangyaɗi nake yi.

Bara hannun ya soma rawa.
Wata Laraba ya yanke ni bayan kunne,
ya tsaya yana duban jinin
kamar wani ne ya zubar.
Ya naɗe zabira. Bai karɓi kuɗina ba.

Daga nan na shiga yawon duniya
a kan fuskata.
Reza mai baki biyu, 'yar cikin takarda,
na ɓara ta kamar goro,
ita ma ta ɓara mini haɓa.
Shuɗiyar roba mai mariƙi,
aski ɗaya ta yi da mutunci,
na biyu figar kaza.
Nomau ya aiko da wata mai baki biyar,
kanta na rausaya kamar ƙadangare a katanga.
Ta yi santsi, ban musa ba,
sai da na ji kuɗin canjin bakinta
ya haura tiyar shinkafa.
Kilifar yaran shago tana cikin gurnani
wuta ta ɗauke,
na taho gida da hula har kunne,
rabi an nome, rabi saura.

Sabulun wanka ya bushe kafin in kai saje.
Kumfar gwangwani ta fito fus,
Ige ta leƙo daga madafa
tana tambayar wa ya ɓarar da kindirmo a gemun tsoho.
Hodar cin gashi ta kori har awaki.
Sifirit ya sa na yi salati
da ƙarfin da maƙwabci ya amsa ta bayan danga.
Koren turare ya zo da sanyi, ya koma barkono,
kashegari ƙuraje suka jeru a wuyana
kamar masu jiran awo.
Alif da man kaɗe kawai
ba su yi mini ƙarya ba.

Da damina na tafi gaishe shi.
Yana zaure, kai ya cika da furfura,
ƙasumba ta haɗe da gashin baki.
Wanda ya share kan rabin unguwa
ya rasa mai share nasa.
Ya gane ni da tari.
Ya shafa haɓata da yatsu biyu, ya yi tsaki:
"Wa yay yi maka wanga ɓarna?"
Na ce ni ne.

Ya jawo zabirar daga ƙarƙashin buzu,
tana warin fata da tsohon sabulu.
"Ba aska ka aski ba, ruwa na.
Jiƙa. Ƙara jiƙawa. Ina kaka sauri zuwa?
Bi gashi inda yan nuhwa,
kak ka yi mai gardama.
Kwantar da baki, ja fata da babban yatsa."
Sannan ya cire hula ya duƙa,
ya ba ni ƙeyarsa.

Ban san kan mutum na da nauyi haka ba.
Akwai kwari, akwai tudu,
akwai tsohon tabo da bai taɓa ba ni labari ba.
Furfura na zuba kan tabarma,
kaji na zuwa su duba su koma.
Har aski ya kusa gaban goshi lafiya,
sai na koma gyara bayan kunne.

Ja ya tsattsafo.

Ya taɓa wurin, ya kai yatsa kusa da ido,
ya yi dariya har da ƙwalla:
"To, an yi kunnen doki.
Miƙo alif."

Da na gama ya shafa kai, sumul,
ya laluba aljihu.
Ban karɓi kuɗinsa ba.